Inna Ta Ari Bakin Turawa

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, kowa ya kama hanyar gida. Ma'aikatan da suka daɗe a wasu garuruwa suka yi ta kwararowa Birnin Kebbi da katifu a bisa motoci, garin kuwa bai shirya wa baƙi ba. A lokacin ina koyarwa a wata firamare, ina zaune wajen gwaggonmu a unguwar Nasarawa, kuma da idona na ga manyan mutane masu ofis da direba suna kwana a zaurukan jama'a. Cikin masu dawowar har da yayana, ɗan farin Innarmu, wanda ya yi shekaru yana aiki a Fatakwal. Ya dawo da yaronsa ɗan shekara bakwai. Matarsa, 'yar can kudu, ta rasu 'yan watanni kafin su taso.

Ɗakin da Yaya ya samu cike yake da 'yan'uwansa ma'aikata, ba wurin ajiye yaro ba ne. Sai ya kai shi Argungu wajen Inna, ni kuma dama can nake zuwa kowace Juma'a in an tashi makaranta, in koma ranar Lahadi.

Inna mace ce mai baki. Ba ta zagi, amma in ta tsokane ka sai ka gwammace ta zage ka. Sana'arta turara shinkafa, ana kawo mata daga Gulma, ta jiƙa, ta turara, ta shanya a tsakar gida, kuma tana yi tana magana, ko da mutum ko da kaji. Ta daɗe tana tanadin tsiyar da za ta yi wa wannan jika, don a wajenmu kaka da jika abokan wasa ne, ba kunya tsakaninsu. Ranar da aka kawo shi ta tarbe shi tun daga ƙofa.

"Mai gida, yau kag ga dama kaz zo? Ina tsarabata? Ko hannu rabbana kaz zo?"

Yaron ya tsaya yana kallon bakinta. Ba ya jin Hausa ko ta zo-in-kashe-ka. A gidansu na Fatakwal Turanci ake yi, don uwarsa ba ta jin Hausa, Yaya kuma ba ya jin yarensu. Na ga fuskar Inna ta sauya, amma ta maze ta kama hannunsa ta shige da shi.

Damina ta sauka, yaro bai sake ba. Wuni yake yi a gindin dogon-yaron da ke tsakar gida, yana tona ƙasa da tsinke. Ba ya cin tuwo, ba ya shan fura, sai burodi da shayi, su ma sai an yi da gaske. Ko ni da nake masa Turanci, daga "yes" sai "no" nake samu. Wuyansa ya yi tsawo, wandunansa suka fara zamewa. Ba a ma sa shi makaranta ba, don ba a san ko zai zauna ba. Wata Asabar Yaya ya zo ya gan shi, sannan ya kira ni.

"Auta, dangin uwatai sun aiko suna son a ba su shi. In ruwa sunka ɗauke bai sake ba, zan maishe shi can. Ba ni bari ya mutu da rai."

Ni ya faɗa wa, amma da ƙarfi ya faɗa, don Inna tana bakin murhu kuma ita ake so ta ji. Haka suke magana tun da na yi wayo. Shi ne ɗan fari, Inna kuwa irin matan da ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Kakarmu ce ta raine shi. In ya zo gaishe ta, zai durƙusa a bakin ƙofa, ita ta juya gefe ta amsa a ciki-ciki, in kuma akwai saƙo sai ta ce da ni, "Ki hwaɗa ma yayanki." Don haka ko da ta ji za a ɗauke mata jika, ba ta da bakin cewa kada a ɗauke. Ta ci gaba da iza wuta, har hayaƙi ya ba ta dalilin share ido.

Da Yaya ya tafi ta ce, "Malama, zo nan." In ta kira ni Malama, to akwai magana.

"Turancin ga da kika sayar ma ɗiyan mutane, ina son ki ɗiba min."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce ai gemu ba ya hana ilimi. Ta ce to ita ko gemun ba ta da shi, sai in yi sauri. Ta kuma ce ba Turancin duka take so ba, ba gwamna za ta zama ba.

"Tambaya kaɗai nika so. In na iya tambaya tai, shi ya san yadda zai yi da amsa."

Nan muka buɗe aji a kan tabarmar shanya, muna korar kaji. Ni kuwa na san inda gizo ke saƙar, don a nan 'yan ajina suke faɗuwa kullum. Mu a Hausa, "kana jin yunwa" da "kana jin yunwa?" duk tafiyarsu ɗaya, murya kawai za ka ɗaga. Bature kuwa sai ya sauya wa kalmomin wuri. In yana ba ka labari ya ce "you are hungry", in tambaya yake sai na biyun ya dawo gaba, ya ce "are you hungry?" Na ɗauko ƙwarya biyu, babba da ƙarama, na jera su, sannan na musanya musu wuri. Inna ta kalli ƙoren, ta kalle ni.

"To su mi ya yi musu zahi? Magana tana zamne lahiya, sai an juya ta awa masa cikin tanda?"

Na ce haka suka gada. Ta ce Allah ya kyauta, ta karɓi ƙoren ta shiga juya su da kanta tana cewa, "Yu aa, aa yu, yu aa, aa yu." Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta tambaya ko lafiya, Inna ta ce mata karatu ake, ta ja kanta.

Makon farko bai yi kyau ba. Da na dawo Juma'a ta tarbe ni da ƙorafi. Ta ce da hantsi ta je ta tambayi mai gida ko ya gaji, sai kawai ya tashi ya shiga ɗaki ya kwanta, bai fito ba sai azahar. Na ce ta maimaita mini abin da ta ce. Ta gyara tsayuwa ta ce, "Yu aa taya!" Ashe ta manta juyin, ga muryarta dama ba ta rarrashi ba ce. Yaro ya ji kakarsa ta yanke hukuncin cewa ya gaji, shi kuma mai biyayya ne, ya je ya huta. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce in bar wasa, ruwa ba jiranmu suke ba.

Da muka zo kan "did" na zaci nan za mu kwana. Na ce mata wani lokaci ba juyi ake yi ba, wata 'yar kalma ake ɗaukowa a sa a gaba, ita ba ta da wata ma'ana, aikinta kawai ta nuna tambaya na tafe. Ta ce ashe sallama ce, su ma ba sa faɗa wa mutum ɗaki haka nan. Daga ranar ba ta ƙara mantawa da ita ba, sai dai ta riƙa liƙa ta har inda ba a gayyace ta ba. Na ji ta da kunnena tana tambayar akuya, "Did aa yu hangiri?"

Tambayoyin da ta zaɓa in fassara mata kuwa duk gaisuwa ce: ina kwana, ina gajiya, ina wuni. Ban ga laifinta ba, da su muke buɗe kowace magana. Na ba ta "Did you sleep well?" a madadin ina kwana. Ta ce amsar fa? Na ce zai ce "yes" ko "fine". Ta ce madalla, ashe abin ba wuya. Ni ma ban yi tunanin komai ba. A wajenmu an san amsar gaisuwa tun kafin a yi ta. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, ka ce masa ina kwana, zai tattara sauran numfashinsa ya ce lafiya lau.

Ranar Asabar da safe ta yi wanka ta ɗaura zanenta na fita unguwa, kai ka ce baƙo za ta tara. Yaro yana gindin bishiyarsa. Ta je ta tsuguna a gabansa, ni ina tsaye a baya riƙe da buta. Ta fitar da kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kowace a mazauninta.

"Did yu silip wel?"

Ya ɗago kai. Wannan ne karo na farko da na ga ya dube ta sosai. Ya ce, "No."

Inna ta waiwayo. "Mi yac ce?"

"Ya ce a'a."

"A'a? Ga ina kwana? Wa ka cewa a'a ga ina kwana?"

An ce in baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba. Shi yaron bai san gaisuwa ce ba. An tambaye shi ko ya yi barci, bai yi ba, ya faɗi gaskiya. Na matso da niyyar in koya masa yadda ake amsa wa manya, sai Inna ta ɗaga mini hannu.

"Bari. Ƙaƙa aka cewa don mi?"

Na ce, "Why." Ta juya gare shi ta faɗa, a hankali wannan karon.

Sai yaro ya ɓalle da magana. Duk abin da ya tara tun daga Fatakwal ya zubo shi, yana yi yana shessheƙa, ni ina fassarawa ina tuntuɓe. Ya ce babansa ya gaya masa mamansa ta yi tafiya. Kowa ma haka yake ce masa. Amma shi ya sani ta mutu, don ya leƙa ta taga ya ga lokacin da aka fito da ita a rufe. Ya ce ba ya so babansa ya gane ya sani, don in ya gane zai yi kuka, shi kuwa ya taɓa jin kukan babansa sau ɗaya, ba ya son ya ƙara ji. Shi ya sa yake rufe bakinsa, kada maganar ta kuɓuce masa. In ya kwanta kuma sai ta hana shi barci.

Ban san lokacin da na ajiye butar ba. Mu manya mun haɗa baki mun ɓoye wa yaro mutuwa don tausayinsa, kamar yadda aka saba, ashe shi ma ɓoye mana yake don tausayinmu. Kowa ya shafa kansa ya ce masa sannu, ba wanda ya tambaye shi komai. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, kuma na rasa wanda zan ji haushi. Inna ta jawo shi ta ɗora a cinya, ƙafafunsa na jan ƙasa, ta yi ta jijjiga shi har ya yi barci a nan, rana tsaka, shinkafa na jiran shanya.

Daga nan Inna ta zama 'yar jarida. Wuni take tana jefa masa tambaya, yana zuba mata amsa, ba ta jin ko ɗaya, amma tana gyaɗa kai tana cewa, "To, to, ikon Allah." Abin da kunnenta ya kama sai ta adana mini shi har Juma'a, ta kawo mini a dagule in warware. Da ta iya "What do you want?" ya kama hannunta ya kai ta wajen mai tallan kifi ya nuna tarwaɗa. Ta yi masa farfesu mai yaji irin wanda ya kwatanta, ya cinye ya suɗe kwano. Ta ce ashe mijin nata Bakabe ne na asali, jikan masunta, tuwo ne ya raina. In hadari ya taso, tare suke rige-rigen kwashe shanya, tana ihu da Hausa yana ihu da Turanci. Ya fara kiranta Kaka, ya kuma koyi cewa "ba ni so", wadda ya fi amfani da ita fiye da kima.

Sai dai Yaya bai ga wannan ba. Aikin sabuwar jiha ya sha kansa, ofis ɗin nasu ko kujeru bai gama samu ba, kuma duk ranar da ya leƙo, yaron komawa yake gindin bishiya ya kulle baki. Dalilin da ya sa yake shiru ai shi ne ya zo. Na sami Yaya a Birnin Kebbi na ce ina da magana game da yaro da rasuwar uwarsa. Ban kai ƙarshe ba ya katse ni. Ya ce kada in kuskura in tayar wa yaro da hankali, ya riga ya ba surukansa alkawari, kuma ni yarinya ce, ban san zafin abin ba. Ina da aji guda ina juya shi, amma a gaban Yaya har gobe ni Auta ce. Na fito ina huci, na kai wa Inna labari.

Ta saurara tana tsince tsakuwa a faifai. Can ta ce in ba ta wata tambaya guda, ta faɗa mini ita da Hausa. Na ce wa za ta yi wa? Ta ce in ba ta kawai, ba a tambayar mai saye abin da zai dafa. Na ba ta. Ta yi ta maimaita ta a bakin murhu har na koma.

Ruwa ya ɗauke. Wata Asabar da hantsi Yaya ya iso da sabuwar jaka ta zuba kayan yaro. Ya durƙusa a bakin ƙofar Inna kamar kullum ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ya ce da ni in haɗa kayan, gobe za su kama hanya. Na dubi Inna ina jiran "ki hwaɗa ma yayanki". Sai na ga ta juyo gaba ɗaya, ta dube shi tsakiyar ido.

"Did yu ask him?"

Wato ka tambaye shi? Yaya ya ɗago a firgice, ya dube ni, ya dubi bayansa ko da wani take. Inna ba ta kawar da ido ba. Da ƙyar ya girgiza kai. Ta nuna masa gindin bishiya da haɓa, sannan ta mayar da fuskarta bango, ta ja mayafi ta rufe kai.

Ya tashi ya tafi wajen yaron ya tsuguna. Ba mu ji abin da suka ce ba, kuma ban matsa ba. Na dai ga Yaya yana magana, yaro yana tona ƙasa, sannan yaro ya fara magana, Yaya ya zauna daɓas a ƙasa da farar shaddarsa. Kukan da yaron yake gudu ya zo, kuma bai kashe kowa ba. Shi ne ma ya sa hannu yana share wa uban fuska. Sun daɗe a nan, har inuwa ta gushe ta bar su a rana.

A ɗaki na ce, "Inna, yau ke da bakinki?" Ta ce daga cikin mayafi, "Ni ban yi mai magana ba. Bakin Turawa na ara, su ba su san kunya ba. Tashi ki ɗora sanwa, mutane ba su ci komi ba."

Da la'asar Yaya ya ce da ni, da ƙarfi yadda za a ji a ɗaki, ranar Litinin a kai yaro makaranta a nan Argungu. Ya ce surukansa zai je da kansa ya ba su haƙuri, kuma duk dogon hutu zai riƙa kai musu shi su gan shi. Daga ɗaki aka ce, "Ki hwaɗa ma yayanki Allah shi yi albarka."

Washegari muka shiga motar haya tare zuwa Birnin Kebbi, jakar tana kan cinyarsa ba komai a ciki. Mun yi nisa yana ta kallon fadama ta taga. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Auta, ke kinka koya mata?" Na ce ni ce, ina jiran faɗa. Ya gyaɗa kai.

"Tun da anka haihe ni ba ta taɓa tambaya ta komi ba," in ji shi. "Ki ƙara mata wasu."